Dodon Da Na Rataye A Zaure

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin wannan fili, kuma na daɗe ina son in rubuto, kunya ce ke riƙe mini hannu. A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar uwa ce a Dakoro, ina da yaro ɗaya da ƙafarsa ta yi ƙwari da kuma jinjira a baya. A wani ƙauye kusa da Bader Goula aka haife ni, na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan na bari saboda nisa, aure ya kawo ni gari. Mai gidana shofer ne, yana tuƙa motar wani poroje na raya karkara, ya fi kwana a daji bisa gida. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba tun ina ƙarama. In yaro ya yi tari sai in ji kamar ƙirjina ne, in na ji ƙarar moto a waje sai na leƙa na tabbatar nawa yana tsakar gida. Gidan da muke haya ƙofarsa a bakin hanya take, ranar kasuwa ba abin da ba ya wucewa, ƴan kabu-kabu, amalanke, raƙuma, motocin dabbobi. Yaron nan kuma ba shi da abin so kamar waje. Kafin in sauke tukunya ya ratsa zaure, kafin in gyara goyo ya kai bakin hanya yana yi wa jakuna ihu. Na yi faɗa, na yi duka, har igiya na taɓa ɗaura masa a ƙafa, matan gidan suka yi ta dariya suna tambayata ko bunsurun layya nake kiwo.

Ɗan fari ne, don haka ko a nan ba zan kama sunansa ba. Kamar yadda ake yi a wajenmu, da lokacin yaye ya yi Inna, mahaifiyata, ita ta zo ta ɗauke shi zuwa ƙauye, ya yi watanni a ɗakinta. Tun daga nan ya zama nata. Mijinta take ce masa, tana yi masa tsiya wai ta auri malalaci, bai taɓa kawo mata ko zane ɗaya ba sai dai ya shanye mata fura. Shi kuma in ta zo gari ba ya sauka daga cinyarta, ni ko kallo ban ishe shi ba.

Wata rana mai gidana ya dawo da tarkace a bayan mota, wata baturiya ce da yake tuƙawa za ta koma ƙasarsu ta raba wa ma'aikata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Mu muka sami bokiti, da ƴan kwanuka, da wani hoto cikin katako da gilashi. Da na goge ƙurar gilashin sai da na ja da baya. Fuska ce, amma kamar ƙwaryar da ta fashe aka ba makaho ya ɗinke. Hancin yana kallon gefe, idanun kuma suna kallona, ɗaya ya hau sama ɗaya ya zame ƙasa. Bakin ya karkace ya koma wajen kunne. Kumatu da goshi duk an yanka su ƙusurwa-ƙusurwa, wani wuri baƙi kamar gawayi, wani kamar toka, wani fari-fari kamar kanwa. In ka matsa kusa sai ka ga inuwar duk tsaba-tsaba ce ƙanana, kamar yashin da yayyafi ya taɓa. Mai gidana ya ce a cire takardar a jefar, katakon da gilashin su ne abin amfani. Na ce to. Ina cikin neman abin da zan ɓalle ƙusoshin baya sai yaron ya shigo da gudu, ya yi ido biyu da hoton, ya tsaya cak, sannan ya zagayo ya riƙe zanena ta baya. A nan dabarar ta zo mini, kuma wallahi a lokacin na ɗauka Allah ne ya kawo mini sauƙi.

Washegari na kafa ƙusa a bangon zaure, ƙasa-ƙasa daidai tsayinsa, na rataye hoton. Na kamo hannunsa na nuna masa, na ce wannan dodo ce, a zaure take zaune, aikinta kama yaran da ke fita ba a aike su ba. Na ce ya dubi idanunta da kyau, ɗaya na gadin ƙofa ɗaya na gadin tsakar gida, ba ta barci, kuma in ta ga yaro shi kaɗai fitowa take daga cikin takarda. Har murya na yi mata, nakan karkace bakina in yi magana ta gefe ɗaya. Abin ya ci nan take. Yaron da igiya ba ta riƙe ba ya koma ko inuwar zaure ba ya takawa. In za mu fita sai na ɗauke shi, ya cusa fuska a wuyana har mu wuce. Na sami sakewa in yi daka, in yi wanki, in ba jinjira nono ba tare da kunnena yana waje ba. Matan gidan suka ce lalle ƴar ƙauyen nan da wayo take, su ma suka ara, duk yaron da ya ƙi wanka sai a ce za a kai shi wajen dodon zaure. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, wata madam mai koyarwa a kolej da ke haya a ɗakin ƙarshe. Ranar da ta fara ganin hoton ta daɗe tsugune a gabansa da jakarta a kafaɗa. Da yamma ta same ni ina tankaɗe ta tambaye ni inda na samo shi. Ta ce ai wannan hoton mace ce, mutum kamar ni da ita, irin zanen da wasu masu zane suka riƙa yi a Faransa shekaru sama da ɗari da suka wuce. Wai sun gaji da zana mutum ta fuska ɗaya, suna son su nuna shi ta gaba da ta gefe a lokaci guda, kamar yadda kake ganin wanda kuke zaune tare yana juyawa yana magana. Ta ce ba da alƙalami aka yi shi a kan takarda ba, a kan farantin jan ƙarfe ake barbaɗa wani gari mai kama da garin ƙaro, a gasa ya kama, a tsoma cikin ruwa mai cin ƙarfe, sannan a shafa tawada a danne takarda a kai, shi ya sa nake ganin tsaba-tsaban nan. Ko na asali ne ko kwafi, ta ce ita ba ta sani ba. Na saurare ta ina dariya, na ce in dai haka matan Faransa suke to Allah ya ba mazansu haƙuri. Ita ma ta yi dariya, amma ta ce mini in yi hattara, yaro ba ya ajiye tsoro a inda aka rataye masa shi, tafiya yake da shi. A baki na ce na gode. A zuciya na ce wadda ba ta haifa ba mi ta sani game da bin yaro da goyo a baya.

Ana nan bayan an gama girbin hatsi sai yayana ya kira ya ce Inna ba lafiya. Ta tashi da safe ta ɗauki buta, ruwan da ta kurɓa ya zubo ta gefen baki. Ɓarin fuskarta na hagu ya saki gaba ɗaya. A ƙauye aka ce iska ce ta buge ta, aka yi hayaƙi da rubutu, abin bai motsa ba. Na roƙe shi ya kawo ta likita, wato asibiti, a nan Dakoro. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta zaman gidan suruki, sai da aka tabbatar mata mai gidana yana daji ba zai dawo da wuri ba. Yayana ya faɗa mini daga baya cewa abin da ya sa ta yarda shi ne ta ce bari dai ta je ta ga mijin nan nata, ko wannan karon zai yi abin kirki ya biya mata magani.

Da hantsi suka iso. Ni ina ɗaki ina canza wa jinjira, yaron yana wasa da gwangwani kusa da randa. Na ji sallamarta daga zaure, muryar ta yi nauyi amma tata ce. Shi ma ya gane, ya watsar da gwangwanin ya ruga, karo na farko cikin watanni da ya nufi zaure da ƙafarsa. Na fito daidai lokacin da ya rungume ƙafafunta. Ta sunkuyo tana kwance bakin mayafi, ta ƙulle masa cuku da magarya a ciki, tana cewa ina malalacin mijinta. Ya ɗaga kai. Idonta na hagu a buɗe yake ba ya ƙiftawa, yana zubar da ruwa, bakin ya ja gefe ɗaya, kuma da ta yi masa murmushi rabin fuskar ne kawai ya tafi, rabin ya tsaya. Hoton kuma yana nan rataye a bayan kafaɗarta. Ban taɓa jin yaro ya yi irin ƙarar nan ba. Ya saki fitsari a tsaye, ya faɗi, ya rarrafo wajena yana cewa ta fito, dodo ta fito daga takarda. Cukun ya zube a ƙasa. Inna ta tsaya da hannu a miƙe, can ta yi ƴar dariya ta ce wa yayana ya gani ko, tun ba ta zauna ba mijin ya sake ta, ko laifinta bai faɗa mata ba. Matan gidan da suka fito tarbarta ba wadda ta yi dariya. Kowace ta san abin da yaron yake nufi, Inna kaɗai ba ta sani ba.

Ina shimfiɗa mata tabarma na zame na cire hoton na tura shi ƙarƙashin katifa. Na ce mata yaron ba ya jin daɗi ne kwanan nan, firgita yake yi ko da kaza ce ta taɓa shi. Ta ce a nema masa rubutu. Majo, babban ma'aikacin jinya a likita, ya duba ta ya ce jijiyar fuska ce, ya ba da ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido, ya nuna mini yadda zan riƙa gasa mata kumatu da tsumma mai ɗumi ina murzawa, ya ce ta riƙa dawowa yana gani, kada ta yi gaggawar komawa ƙauye. Ina yi mata duk wannan, amma gidan ya zama wani iri. In tana tsakar gida yaron ba ya fitowa, ba ya cin tuwo, yana maƙale a bayan ƙofa yana leƙe ta tsaga. Sauran yaran gidan, waɗanda iyayensu suka ara dodona, su ma suka riƙa zagaye ta nesa-nesa. Na ja shi da ƙarfi na ce ya gaida kakarsa, ya sandare, na zabga masa mari a gabanta. Ta ce in na sake taɓa mata miji sai ta ci mutuncina, in bar shi, yaro ne. Amma daga ranar ta daina zama a waje. Ta koma ɗaki, in za ta fita alwala sai ta jawo mayafi ta rufe ɓarin hagu, ta bi jikin bango. Inna da ba ta iya cin abinci ita kaɗai, ta koma juya wa ƙofa baya tana ci a hankali don kada a ga yana zubowa.

Da a nan abin ya tsaya da wataƙila ban rubuto ba. Wata ranar kasuwa ina wanke jinjira, hannuna duk sabulu, sai yaron ya lura zaure ba kowa, bangon wayam. Na ga ya nufi ƙofa, a waje kuma ina jin motar shanu tana tahowa. Ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na daka masa tsawa na ce ya dawo ga dodo nan za ta kama shi. Ya tsaya. Amma bai dubi zaure ba, ya juyo ya dubi ƙofar ɗakin da Inna take, ya nuna da yatsa, ya tambaye ni ko ta farka. Labulen a ɗage yake. Tana zaune a bakin gado da tsumman gashi a hannu, tana kallonmu da idon nan da ba ya rufuwa.

Ta bari na gama na goya jinjira. Sannan ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yarinya, ta ce in zauna. Ta ce ita fuskarta ce ta mutu, kunnenta da ransa, tun ranar da ta zo take jin ana dodo dodo ana yin shiru in ta ɗaga labule, in faɗa mata mi ke nan. Na fara kame-kame, ta ce kada in ƙara mata ƙarya a kan ciwo. Sai na ɗaga katifar da take zaune a kai na jawo hoton. Ashe duk kwanakin nan a kansa take kwana. Ta karɓa ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta rufe idon mai ciwo da tafin hannu don ta gani sosai. Ta daɗe tana dubawa. Ta bi bakin da yatsa ta kan gilashi, sannan ta taɓa nata. Ta ce yaron bai yi ƙarya ba, akwai kama. Na fashe da kuka na ce yanzun nan zan fasa shi in cusa a murhu. Ta ce in ƙona ta a kan mi, mi baiwar Allah ta yi mini. Na gaya mata abin da madam ta ce, cewa mace ce ta gaske aka zana tun da daɗewa. Ta ce to ai ka ji, ɗiyar wasu ce, wataƙila ma kakar wani, tana zaman zamanta na ɗauko ta na ba ta aikin cin yara. Da na faɗa mata har murya nake yi wa dodon, ta tambaye ni wa ya koya mini ita. Na ce ni na ƙirƙira. Ta ce in yi ta ji. Na kasa. Ta ce ai ba sai na yi ba, ita yanzu da ita take magana kullum.

Kwana kaɗan bayan haka ta sa aka kira yayana. Na roƙe ta, madam ta roƙe ta, na tuna mata majo ya ce kada ta tafi. Ta ce ba fushi take ba, amma ba za ta zauna a gidan da yaro ke barin tuwonsa saboda ita ba, shi ke girma, ita ta gama. Ta naɗe hoton cikin tsohon zane ta sa a buhunta, ta ce za ta tafi da ƴar'uwarta tunda a gidana ba a san darajar irinsu ba. Ta fita ta zaure da mayafi a rabin fuska. Yaron yana bayan randa, bai fito ba, ita ma ba ta neme shi ba don kada ta tsorata shi.

Fuskar ta ɗan dawo, ba duka ba. Idon yana rufuwa yanzu amma bakin ya zauna a karkace. Na taɓa tambayar majo ko da ta ƙarasa zuwa likita da ta warke sarai, ya ce wasu na warkewa wasu ba sa warkewa, ba zai iya ce mini ga yadda tata za ta kasance ba. Wannan rashin sanin shi nake kwana da shi nake tashi da shi. Mai gidana da ya dawo ya ji labari bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ai ya ce a jefar da takardar, na ce ba takardar ce ta yi ba. Yaron kuma sai da aka sha wuya. Madam ce ta riƙa zaunar da shi tana zana masa fuskoki a ƙasa da tsinke, ta karkata hanci, ta ɗaga ido ɗaya, ta ce shi ma ya zana nata, har abin ya koma masa wasa. Ni kuma na durƙusa a gabansa na ce masa ƙarya na yi, babu dodo, ba a taɓa yin ta ba, tsoron mota ne ya sa na faɗa. Ban san ko ya gane ba a lokacin. Ƙofar kuwa, wani maƙeri ya sa mata sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, aikin da bai ɗauke shi komai ba, wanda da shi na fara da duk wannan bai faru ba.

Yanzu ya shiga lakwal. In mun je ƙauye yana gaishe ta, yana cin abin da ta ba shi, ya ma manta yawancin abin. Hoton yana jingine a ɗakinta bayan kwanuka, in baƙi sun tambaya sai ta ce wata ƙawarta ce daga Faransa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da nake son in gaya wa ƴan'uwana mata, musamman masu ƙananan yara da aiki ya yi wa yawa irina, shi ne mu yi hattara da abin da muke tsorata yara da shi. Na san gajiya, na san yadda zuciya ke tsinkewa in yaro ya nufi hanya. Amma duk siffar da ka nuna wa yaro ka ce ta dodo ce, akwai wani bawan Allah da ke yawo da irinta, ko gurgu, ko mai ido ɗaya, ko wanda wuta ta ƙona, kuma ba ka san ranar da ciwo zai kawo ta cikin gidanku ba. Ni na koya wa ɗana gudun karkatacciyar fuska, na yi ta maimaita masa har ya haddace, sannan uwata ta shigo da ita. Shi ya warke. Ita kuwa har yau, in ƙaramin yaro ya shigo gidan, ko na maƙwabta ne, ko bai dube ta ba, hannunta na kai wa mayafi kafin ta amsa sallama. Ku taya ni roƙon Allah ya yafe mini.